Jan Ambulan na Kakuri

A cikin hunturun 1984 Baba ya dawo daga aikin dare da wani ɗan ambulan ja a aljihu, an yi masa ado da rubutu mai ruwan zinariya wanda babu mai iya karanta shi a gidanmu. Wani Basine mai kula da injinan sashensu ne ya miƙa masa, da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Nan take Baba ya buɗe, sai ga Naira biyar sabuwa dal, shi kuwa mai kyautar ya kawar da kai kamar wanda aka kunyata. Abin da Baba ya iya tsinta daga guntun Turancin da ya haɗa su shi ne, wai yau sallarsu ce.

Inna ba ta aminta ba. "Malam," in ji ta, "kuɗin da aka naɗe cikin jan abu, da rubutun da ba a san abin da yake cewa ba, ba za su shiga tukunyata ba." Ta jefa ambulan ɗin ƙasan kwalla, ta rufe. A watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun Naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffin banki. Kafin Inna ta tuna, Naira biyar ta zama takardar banza. Ambulan ɗin yana hannuna har yau.

Wanda ya san Kakuri ta yanzu kaɗai zai yi mamakin jin cewa mun tashi ne da mutanen Asiya a maƙwabta. Bayan masaƙar KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da Turawan Ingila a 1957, sauran manyan da suka biyo baya daga gabas suka zo. Cha Chi Ming, attajirin Hong Kong, shi ya kafa UNTL a 1964. Arewa Textiles kuwa jarin Japanawa ne da injiniyoyinsu. Can gaba ta hanyar Kachia, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina matatar man da aka buɗe a 1980. Malamanmu na lissafi da kimiyya a sakandare, da yawansu Indiyawa ne. Jiniyar masaƙa ita ke tashin Makera da Nasarawa da Barnawa, kuma zanen da iyayenmu mata suka yi biki da shi ya fito ne daga injin da ɗan Hong Kong ya saita.

Duk da haka ban tuna ranar da aka ce wani daga unguwarmu ya halarci bikinsu ba. Gidajensu na bayan katanga, da maigadi a ƙofa. Akwai daren da muka ga malamarmu Ba'indiya ta jera ƙananan fitilu a barandarta, muka ɗauka wutar NEPA ce ta ɗauke. Sai da na girma na gane Diwali take yi, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, ita kaɗai, nesa da gida.

Abin dariyar shi ne, a lokacin babu wanda ya kai mu ganin mun san Asiya. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanon suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, muka rungume su kamar don mu aka yi. Muka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Mun haddace waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba. Idan aka nuna fim ɗin Canis, washegari babu yaron da ba Bruce Lee ba ne a filin makaranta, kuma an sha karya hannu a kan haka. Mun san yadda ake ɗaura aure a Bombay, mun san kukan uwar ango da makircin kawu, amma mutumin da ke tsaye da Baba awa takwas a gaban inji ɗaya, ko garinsu ba mu taɓa tambaya ba. Ina ganin laifin na kowa ne. Su sun zo neman riba, ba zumunci ba, mu kuma majigi ya ƙosar da mu. Sai dai a wani fannin sun riga mu nisa: Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, ana kuma koyar da Hausa a jami'a a Beijing, alhali cibiyoyin Confucius na farko masu koyar da Sinanci a ƙasar nan a Legas da Awka aka kafa su.

Masaƙun sun mutu ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, baƙin suka kwashe kayansu. A waɗannan shekarun ne kuma rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba garin, maƙwabta da yawa suka ƙetare kogi ba su dawo ba. Wannan wani labarin ne.

Abin da ya sa na tono ambulan ɗin shi ne 'yata ta fari, wadda ta samu gurbin karatun injiniya a ƙasar Sin bisa tallafin gwamnatinsu. Irin wannan ƙofa a buɗe take fiye da yadda muke zato: Japan na da tallafin MEXT ta ofishin jakadancinta a Abuja, Indiya na da na ICCR, Koriya ta Kudu na da nata. Wahalar ba a cike takardu take ba. Ita sai da ta shafe shekara guda tana koyon harshe, ta ci jarrabawar HSK, kafin a bar ta ta shiga aji. Na yi fargabar abinci da ibada, sai ta kwantar mini da hankali da labarin shagunan taliyar Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, da ke kusan kowane lungu.

Da hutun sabuwar shekararsu ya zo, wanda suke kira Bikin Bazara, makaranta ta watse, wata ƙawarta ta tafi da ita ƙauyensu. Daga can ta yi mini bayanin abin da na shekara arba'in ban sani ba. Bikin na bin kalandar wata ne, yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da wajen 20 ga Fabrairu, ana kwana goma sha biyar ana yi. Ginshiƙinsa komawa gida: duk inda mutum yake, sai ya yi ƙoƙarin cin abincin daren jajibere tare da iyayensa. Manya na ba yara kuɗi sababbi cikin jan ambulan, maigida na ba yaran aikinsa, domin ja a wurinsu launin arziki ne. Ana karɓa da hannu biyu. Ba a buɗewa a gaban mai kyauta.

"Baba, ai goron sallah ne kawai," ta ce. Ta ƙara da cewa a Disambar 2024 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya, a zama ɗaya da hawan sallar Kano.

Sai na yi ta tunanin mutumin nan. A daren da duk danginsa ke zaune kan tebur ɗaya, shi yana Kakuri cikin ƙarar inji da ƙurar auduga, babu yaron da zai ba goro, sai ya ba Baba.

Na ɗauki hoton ambulan ɗin na aika mata. Ta ce babban harafin da ke tsakiya yana nufin albarka da sa'a, shi ne suke liƙawa a ƙofofinsu. Ranar Juma'a na je gaishe da Inna a Barnawa, na zauna kusa da kunnenta mai ji, na kwashe duka na faɗa mata. Ta daɗe tana juya ambulan ɗin a hannu.

"To, ai da ya yi bayani," ta ce. Can kuma ta ɗago. "Da babbar sallah ta zo, mun kai masa nama kuwa?"

Ba mu kai ba.