Neman Tafinta a Damagaram

Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar yini ɗaya ce: a wuce Daura, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi ta Matamaye, kafin la'asar manyan duwatsun Birni sun bayyana. Abin da ya kai ni ba ziyara ba ce. Baffana ne ya yi odar injin matse gyaɗa daga ƙasar Sin, takardun cinikin suka zo da Sinanci, su kuwa 'yan duwan, wato kwastan na can, Faransanci suke karantawa. Kuɗin da ya tara shekara da shekaru yana cikin wannan inji.

Na ɗauka samun tafinta ba zai yi wuya ba. Ai tun 2011 matatar mai ta SORAZ take aiki a arewacin garin, a kan hanyar Tanut, tana tace ɗanyen man da ake turowa daga Agadem, kuma kashi 60 cikin ɗari nata na kamfanin CNPC ne na Sin. Sai dai masu haɗa harsunan biyu da aka yi mini kwatancensu galibi Sinawa ne da suka koyi Faransanci a jami'o'in ƙasarsu, kuma kowanne yana da ubangidansa. Dattawan Zango da na zauna da su ba su yi mamaki ba. Sun ji daga iyayensu yadda tafintan Nasara yake a zamanin da Damagaram take hedikwatar mulki, kafin a mayar da ita Yamai a 1926: abin da ya faɗa, shi aka faɗa.

A kwana na uku, a bakin kasuwar Dole, aka haɗa ni da wani saurayi da ya yi karatun injiniya a Sin. Sinancinsa na hira ba laifi. Amma da ya kai ga sharuɗɗan biya da na diyya sai ya ajiye takardar, ya ce: "Malam, wannan aikin wanda ya karanci harshe ne, ba nawa ba." Na ga girmansa a nan.

Shi ya fahimtar da ni inda gizo ke saƙar. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu, Faransanci ba shi da ko ɗaya. Kalmar "mai", in muryar ta nutse ta taso, saye ke nan. In ta faɗo, sayarwa ke nan. Muka yi dariya, don mu a wurinmu mai shi ne hajar da ta kawo su. Bahaushe, da kunnensa ya saba rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya, ya fi Bafaranshe kusa da wannan sirri, amma ta Faransanci ake bi da shi kafin ya isa can.

Lissafi ya fi ban tsoro. Basine da "wan" yake ƙirga, wato dubu goma. Bafaranshe da dubu. Ɗan kasuwar Damagaram kuma da dala, sefa biyar, da jika, sefa dubu. Sifiri ɗaya ya zame a tsakani, gidan mutum ya tafi.

A ƙarshe wata malama a Yamai, wadda ta karanci fassara, aka aika wa hotunan takardun ta WhatsApp. Ta ɗauki kwana biyar, ta caji abin da ya sa Baffa salati. A shafi na huɗu ta ja layi ƙarƙashin wani sharaɗi: kuɗin dakon injin daga tashar jiragen ruwa zuwa Damagaram a wuyan mai saye yake. Baffa ya ce shi ba haka aka gaya masa a waya ba.