Yini Guda A Birnin Budafest

Yau ku ajiye tsintsiya da ludayi tukuna, yawo za mu. Wani taron malamai ya kai ni Budafest, babban birnin ƙasar Hangari, aka ba mu hutun yini guda, ran Talata, ni kuwa na ce ba zan ɓatar da shi a ɗaki ba.

Ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswira. Kogin Danub ya raba garin biyu, Buda a yamma bisa tuddai, Fest a gabas shimfiɗe kamar faifai. Da can garuruwa ne dabam dabam, sai a 1873 aka gama su da wani na uku, Obuda, suka zama ɗaya.

Da sassafe na hau wani tudu a Buda inda hubbaren Gul Baba ya ke, wani shehi Baturke da ya rasu a 1541, shekarar da Turkawa suka ci garin. Sun riƙe shi har 1686. Na yi addu'a a cikin lambun furanni, na gangara, na ƙetare gada, na shiga jirgin lantarki mai lamba 2 wanda ke bin bakin kogi. Ta taga na ga majalisarsu, ƙubbarta mita 96. Kyakkyawa ce, amma yunwa ta hana ni sauka.

Babbar kasuwarsu rufaffiya ce, an buɗe ta a 1897. Kai, jan tattasai! Ga shi a rataye kamar tsakiya, ga garinsa cikin gwangwani, mai zaƙi dabam, mai yaji dabam. Suna ce da shi paprika, shi ne daddawar miyarsu. To, a nan sai ku yi hattara. Mutanen nan suna yawan cin alade, har albasa ma wasu da kitsensa su ke soyawa. Sabo da haka ko miyar nan tasu da ta shahara, gulash, ta naman shanu da dankali, ban taɓa ba. Na rubuta kalmarsu ta alade, sertés, a takarda, ina nuna wa mai abinci ina girgiza kai. Na sha romon kifi ja wur, na haɗa da langosh, watau ƙullin alkama da a ke soyawa da mai, faɗinsa ya kai na faranti, a shafa tafarnuwa, a zuba kirim mai tsami da cuku. Ɗan'uwan fanke ne, sai dai ba sukari.

Abin da ya kawo ni dai wanka ne. Ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin garin nan, kamar na Wikki a Yankari, amma ya fi shi zafi. Gidajen wanka suna da yawa, galibi maza da mata a cuɗe, wannan kuwa ba namu ba ne. Na zaɓi Rudas, wanda Turkawa suka gina a ƙarni na 16, don Talatar nan ta mata ce zalla a sashen Turkawa. Wadda za ta je ta tambayi ranar tun da wuri.

Da shiga sai warin farar wuta ya tarye ni, kamar ƙwan da ya kwana biyu. Ciki duhu-duhu, ginshiƙai 8 sun tallabe ƙubba mai ramuka da gilasai masu launi, haske na zubowa bisa tururi. Tafkin tsakiya kusurwa 8 gare shi, zafinsa digiri 36, ga ƙanana a gefe, mafi zafinsu 42. Tsofaffi na zaune ruwa iyakar wuya, suna hira ƙasa-ƙasa. Na yi ƙuru na shiga na 42, ban daɗe ba jiri ya ɗebe ni. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta zaunad da ni a kan dutse, ta miƙo mini ruwan sanyi, tana ta yi mini faɗa da harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba. Faɗan iyaye dai ba ya bukatar tafinta.

Sai da na zo sa tufafi na duba yatsana, gabana ya faɗi. Zoben azurfan da kakata ta bar mini ya koma baƙi ƙirin! Ashe farar wuta haka ta ke yi wa azurfa, ga shi kuwa na karanta wannan a kwaleji, na manta. Ran nan ban yi barcin kirki ba. Da na komo gida, Inna ta karɓa, ta ɗebo toka a murhu, ta matsa lemun tsami, ta murza da tsumma har ya yi fari, sa'an nan ta sa shi a nata yatsan, ta ce sai na yi hankali za ta ba ni.