Faransanci a aji, Hausa a masana'anta

1/ Ɗan yayata yana wata makarantar kuɗi a Bompai, irin masu bin manhajar Ingila. Turanci kullum, Faransanci sau biyu a mako. Hausa fa? Wai "banakula" ce, ko a filin wasa ba a son jin ta.

2/ Ni kuwa a kamfanin roba nake aiki a Sharada. Maigidanmu ɗan Labanan ne, amma da Hausa yake ciniki da dillalai, da ita yake sasanta rigimar leburori. A kamfanonin jima na Challawa ma, da Hausa ake sayen fata.

3/ BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957. A Beijing akwai jami'ar da ake koyar da ita. Mu kuma gwamnatinmu ta kawo tsarin koyarwa da harshen uwa a 2022, ta soke shi a 2025.

4/ Ban ce a bar Turanci ba, wallahi muna buƙatarsa. Amma iyaye, ranar biyan kuɗin makaranta ku tambaya: awa nawa Hausa take da shi a mako? Ku ne masu biya.