Kalangun Kakana da Fiyanon 'Yan Fim

Kakana makaɗin mahauta ne a Hunkuyi, amma kalangunsa ya daɗe a rataye. Kullum ƙorafinsa 'yan fim sun kashe musu sana'a da kiɗan Indiya.

Da na dawo hutu daga Samaru, sai na kunna masa waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 a wayata. Ya yi shiru yana gyaɗa kai, can ya ce, "Ja'iri, salon rawar na Indiya ne, kiɗan kuwa namu ne. Sai dai ba fata a ciki, fiyano ne zalla."

Na ce, "To Kaka, wa zai maido da fatar?"

Bai tanka ba. Washegari bayan la'asar ya sauko da kalangun, ya kakkaɓe ƙura, ya miƙo mini. Har yau ban ƙware a matse tsirkiya ba, amma ina koyo.