Ranar da Baba ya ce in haɗo kayana

Ni 'yar Ƙanƙara ce. Ina aji huɗu na sakandare a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta garinmu suka kwashe ɗalibai sama da 300. An sako su bayan kwana shida, amma tun daga ranar, in aka ce “makaranta” a gidanmu, sai ka ga fuskar Baba ta canja. Saboda haka da na samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sai da kawuna ya yi sawu uku kafin Baba ya amince.

Kamar a yawancin jami'o'in ƙasar nan, ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa ɗaukar kowa. Ni da ƙawayena biyu, ɗaya 'yar Faskari, ɗaya 'yar Sabuwa, muka kama ɗaki a cikin gari, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Gaskiya ɗaya ce, zamanmu na farko a unguwar ba na arziki ba ne. Mu fita da safe, mu dawo da yamma, mu kulle ƙofa. Ban san sunan mai unguwa ba, ban san wanda ke gidan da ke kallon namu ba. Su ma mutanen unguwa “'yan jami'a” kawai suke ce mana, kamar duk uwa ɗaya ta haife mu.

A watan Oktoban 2023 aka shiga wani gidan haya a Dutsin-Ma cikin dare, aka sace ɗalibai mata biyar. Gari bai gama wayewa ba Baba ya kira ni. Ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba ya ce, “Ki haɗo kayanki ki taho gida. Boko ba dole ba ne.” Na fashe da kuka, domin na san in na koma, na koma ke nan.

Inna tana tsakar gida tana jin mu. Ta miƙo hannu ta ce, “Ba ni shi, 'yar nan.” Ta gaishe shi a natse, sannan ta ce, “Malam, yarinyar nan amana ce a hannuna. Ka ba ni mako biyu. In ban ga abin da ya kwantar mini da hankali ba, ni da kaina zan sa ta a mota.” Kunya ta kama ni. Matar da ban taɓa shiga ɗakinta na zauna ba, ita ce ke tsaya mini.

Cikin makon nan mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan La'asar. Liman ya zo, masu gidajen haya sun zo, 'yan sintiri sun zo, da wasu malaman jami'a biyu da ke zaune a unguwar, sai mu ɗalibai. Mata muka zauna a zaure. Na zaci addu'a za a yi a watse, ashe amayar da ciki za a yi.

Mutanen gari suka ce muna kunna kiɗa har tsakar dare, muna wuce dattawa ba sallama, muna kawo baƙin da ba wanda ya san daga inda suka fito. Wani ɗalibi ya miƙe ya ce mu ma muna da namu: kuɗin haya kullum gaba yake yi, ruwa sai mun saya wajen 'yan garuwa, kuma in an yi sata mu ake fara kallo. Hayaniya ta so ta tashi, sai wani tsoho cikin 'yan sintiri ya yi magana. Ya ce in ya ga mutum ƙarfe ɗayan dare a lungu, ta yaya zai gane ɗalibi ne ko mai leƙen asiri, tunda duka biyun bai san su ba? Wurin ya yi tsit.

Abin da aka yanke ba wani babban abu ba ne. Kowane mai gida ya kai wa mai unguwa sunayen 'yan hayarsa da lambar iyayensu. Baƙon da zai kwana, a sanar. Ɗalibai su shiga karo-karon 'yan sintiri kamar kowane magidanci. Malaman nan biyu suka ɗauki nauyin haɗa 'yan sintirin da masu tsaron makaranta, don kowa ya riƙe lambar ɗan'uwansa. Muka haɗa kuɗi aka sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin lungunmu. Mu kuma mata muka ce duk Asabar za mu riƙa koya wa yaran unguwa lissafi da Turanci a zauren Inna.

Ba zan ce wannan ya kawo ƙarshen matsalar tsaro ba. Fitila da usur ba sa tare mai bindiga, wannan aikin hukuma ne. A watan Oktoban ne ma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Amma akwai abin da ba jami'in da zai yi mana, wato sanin juna. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ni kuwa na gano da ɗan gari ake tsare gari. Yanzu in na yi dare a makaranta, mai shayin bakin titi yakan sa yaronsa ya raka ni. Da zazzaɓi ya kwantar da ƙawata 'yar Sabuwa, maƙwabcinmu ne ya kai ta asibiti a mashin ɗinsa.

An kafa jami'armu a 2011, garin kuwa ya daɗe da hakiminsa da kasuwarsa kafin nan. Katangar jami'a tana da iyaka, amma ɗalibanta a cikin gari suke kwana, ruwan gari suke sha, kwatar gari suke tsallakawa. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a watan Satumban 2021, ciki har da Dutsin-Ma da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wayar ɗalibi da ta ɗan kasuwa tare suka yi shiru. Tunda matsalar ba ta tambayar katin makaranta, bai kamata a zauna neman maganinta ɓangare ɗaya ba. Fatana shi ne irin zaman da aka yi a unguwarmu ya zama na dindindin tsakanin hukumar jami'a da masu gari, ko da sau ɗaya ne a kowane zango, ba sai abu ya faru ba.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannena da ke shirin shiga jami'a daga yankinmu: ranar da ka sauke jakarka, nemi gidan mai unguwa ka gaishe shi. Ki shiga gidan maƙwabta ki ce ga ki. Ba kuɗi ake biya ba.

Mako biyun Inna sun cika, Baba bai sake tayar da maganar ba. Yanzu ina aji uku. In ya kira, kafin ya tambayi karatuna sai ya ce, “Ina Innarku? Ba ta waya mu gaisa.” Da kakar bana ma kwano biyar na masara ya aiko mata.