Hawan Dutsen Dala

Duk ɗalibin da ya karanta Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya san Dala tun kafin ya taka shi: mazaunin Barbushe mai hidimar Tsumburbura, gabanin zuwan Bagauda a wajajen 999. A cikin birni na tashi, amma sai da na shiga binciken digiri na biyu na hau dutsen da idon nazari.

Daga ƙololuwarsa birnin yakan baje a gabanka: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga cunkoson Kasuwar Kurmi. A nan hikimar mutanen farko take bayyana. Ƙasar tana da tama, ruwan Jakara yana kusa, tudun kuma ya isa a hango maƙiyi tun daga nesa. Ba banza ba masu tonon kayan tarihi suka samu alamun narkar da ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7.

Gindin dutsen ne ke tayar mini da hankali. Gidaje sun matso har jikinsa, zaizayar damina tana cin gefensa, shara ta samu mazauni. A 2007 aka shigar da shi jerin share fage na UNESCO tare da ganuwar birni, kuma bai wuce matakin nan ba. Gandun Gashaka-Gumti yana da doka da masu gadi. A Dala kuwa, yaran unguwa ne suka tarbe ni, su ne kuma suka ba ni labarin Barbushe, kowa da irin nasa.