Abin da juji ke riƙewa

Kafin saukar damina, manoma a Gaya da Ajingi sukan kwashe juji da amalanke su kai gona a matsayin taki. Wanda ya tsaya kusa da mai shebur zai ga abin da unguwa ta ci a shekarar: ƙwallon goruba, ƙwallon ɗinya, ƙayar kifi, ƙashin akuya, tsingaro, duk cikin toka. Ganyen rama da zogale kuwa babu alamarsu, sun ruɓe tuni. Ƙashi yana daɗewa, haka ma ƙwayar da wuta ta babbake ta zama gawayi, domin gara ba ta cin ta.

Da irin wannan tarkace masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa ke gane abincin mutanen da suka rayu da farauta da su da tsince-tsince. Sukan zuba ƙasar tsohon murhu a ruwa, kamar yadda mace ke rege gero: yashi ya nutse, ƙonannun ƙwayoyi su taso, a tace, a duba su da madubin ƙara girma.

A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, wurin da ayarin Paul Sereno ya gano a 2000, an sami ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina, da masun kamun kifi na ƙashi. Wato inda yau rairayi ne zalla, shekaru kusan 9,000 da suka wuce tafki ne mai zurfin da zai ɗauki manyan kifaye. A Gajiganna ta Borno kuma, masu bincike daga Jami'ar Frankfurt sun duba shatin ƙaiƙayin da maginan tukwane suka kwaɓa da yumɓu. A tsofaffin tukwanen, shatin ƙaiƙayin ciyawar daji ne; geron noma sai daga baya ya bayyana, wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan ya fi taɓa ni, don har gobe dattawanmu suna ba da labarin yunwar da ta sa aka sussuka ƙarangiya aka ci.

Gaya tsohon gari ne. Daga nan aka ce Abagayawa maƙera suka tashi zuwa Dala neman tama. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga masu haƙar ƙasar gini sun ratsa baƙin layin toka mai ƙasusuwa a kufai, sun loda wa tifa. Da zarar na sama ya cakuɗe da na ƙasa, ba mai iya faɗin wanda ya riga wani.